Baƙon tsiro mai fure ya mamaye maka tsakar gida? Ga yadda zaka gano sunansa

Tun da ruwa ya zauna bana nake ta shan tambaya iri ɗaya daga 'yan uwa da abokan arziki, wasu har hoto suke turowa ta WhatsApp, wai dan Allah wannan wane irin tsiro ne, mu dai bamu shuka shi ba, sati uku da suka wuce guda biyu ne a jikin katanga yanzu ya cinye rabin fili har ya fara fure. Yawancin hotunan kuma daga nesa ake ɗaukarsu, kore shar kawai kake gani da ɗan ɗigon ja ko rawaya, babu yadda za'ai mutum ya faɗi suna tsakaninsa da Allah a kan irin wannan hoton. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta yadda nake bi tun daga farko har ƙarshe.

Abin da yasa na ɗauki maganar da muhimmanci, shekarun baya na zuba takin awaki a ɗan lambun da nake yi a gida, sai ga wani abu ya fito ganyensa sak na gauta, na barshi har ban ruwa nake masa safe da yamma, sai da ya fitar da wani dogon farin fure kamar kakaki sannan wani dattijo maƙwabcinmu ya shigo ya gani yace min, Malam, zaƙami kake reno a gidan da yara suke? Ranar hankalina ya tashi ƙwarai, don wurin nan ne ƙananan yaran gidan suke wasan 'yar tsana suna tsinko ganye suna yin miyar wasa.

Kayan da zaka tanada

Wayar da kyamararta ke ɗaukar abu kusa, safar hannu ta roba, in babu ka zura hannu cikin leda biyu, fartanya ko ƙaramin shebur, wuƙa ko almakashi, farar takarda, biro, tsohuwar jarida, da leda mai kauri. Kusan duk akwai su a gida. Kuɗin da zaka kashe na data ne kawai, sai kuɗin mota idan abin ya kai ga zuwa wurin masana, wannan kuma ba kasafai ake kaiwa can ba. Kada ka sayi maganin feshi tukuna, a nan ne mutane ke fara zubar da kuɗi tun basu san da me suke faɗa ba.

1. Killace wurin, kada ka tuge tukuna

Abu na farko da hannu ke son yi shine a ɗauko fartanya a kafce komai a huta. Dakata. Idan ka share shi kaf baka bar ko ɗaya ba ka ɓatar da shaidar da zaka gane shi da ita, kuma akwai tsirran da sara shine yake ƙara musu yawa, zan zo kan wannan a gaba. Ka ja wa yara kunne, ka ɗaure akuya ko tunkiya nesa da wurin, kaji ma in da hali a kange su. Idan kaga ya riga ya fara 'ya'ya suna bushewa, su kaɗai zaka yanke ka zuba a leda ka ƙulle, don kada su fashe su zubar da iri kana tsaka da bincike, amma ka ajiye ledar inda yaro ba zai kai ba, zaka buƙace ta.

Gargaɗi: ba'a ɗanɗana tsiro don a gane shi. Ko a tsinin harshe. Ko da kaga tsuntsu ko akuya na ci, cikinsu ba irin naka bane.

2. Tuna ta ina ya shigo

Wannan tambayar ita kaɗai tana rage rabin aiki. Ka zauna ka tuna me ya shigo gidan a watannin nan. Idan taki ka zuba na awaki ko shanu, toh mafi yawa ciyayin jeji ne irin su tafasa, rai ɗore, kashin yawo, zaƙami, a wajen Maraɗi da Damagaram kuma har da garmani wanda ya addabi burtali da makiyaya. Idan ƙasa aka kawo a tifa daga bakin rafi ko fadama don ciko, ka sa ran duman kada da balasa. Idan tukunyar fulawa ka siyo a bakin titi ko wata ta baki reshe a gidan biki, toh fulawar ado ce ta tsere daga tukunya ta bazu. In kuwa a ƙarƙashin waya ko bishiya ko jikin katangar da tsuntsaye ke sauka ya fara, kashin tsuntsu ne ya kawo irin. Ka leƙa bayan katanga ma ka gani, sau tari uwar tana kangon da ke maƙwabtaka da kai, saiwa ce ta kutso ta ƙasa ko iska ta kwaso iri.

3. Tsuguna ka ƙare masa kallo

Nan ne ainihin aikin, kuma nan ne ake gaggawa a yi kuskure, don kowa launin fure kawai yake kallo. Launin fure shi kaɗai baya faɗin komai, tafasa rawaya, rai ɗore rawaya, garafuni rawaya, soso rawaya, tsidau rawaya, garmani rawaya, kaga kenan in kace min "mai rawayan fure" baka faɗa min komai ba. Ka ɗauko biro ka rubuta abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya.

Fara da tsayuwarsa. A miƙe yake kamar rama, ko yaɗo yake a ƙasa kamar kabewa, ko hawa yake yana naɗe duk abin da ya samu? Idan mai hawa ne ka duba ko da ɗan siririn zare mai lanƙwasa yake kama abu kamar yadda soso da garafuni suke yi, ko kuwa jikinsa ne gaba ɗaya yake murɗewa.

Sai kara. Ka murza shi tsakanin yatsu biyu, da safar hannu fa. Mulmulalle ne ko mai kusurwa huɗu? Dangin ɗoɗɗoya karansu kusurwa huɗu ne, haka ma wata fulawar ado da ake kira Lantana, ita har da ƙananan ƙayoyi. Akwai gashi-gashi, akwai ƙaya, ruwa-ruwa ne mai saurin karyewa ko ya fara zama itace?

Sai ganye, shi ne ma ya fi fure faɗin gaskiya. Ka duba ko biyu-biyu suke fitowa suna kallon juna ko kuwa ɗaya nan ɗaya can. Ganye guda ne ko ƙananan ganyayyaki ne jere a sanda ɗaya kamar na zogale ko tsamiya, in haka ne ka ƙirga su. Bakin ganyen sumul yake ko kamar haƙoran zarto. Bari in baka misalin da ya fi kowanne rikita mutane, tafasa da rai ɗore. Dukkansu fure rawaya, tsayi kusan ɗaya, wuri ɗaya suke fitowa. Amma tafasa ƙananan ganyenta guda shida ne, wato biyu-biyu sau uku, bakinsu a zagaye yake kamar cokali, kwansonta siriri dogo ya ɗan lanƙwashe kamar lauje. Rai ɗore, wanda wasu ke cewa majamfari, nasa yakan kai takwas ko goma, bakinsu da tsini, kwansonsa a baje yake, in ka murza ganyen kuma wani wari yake mara daɗi. Tafasa ana kwaɗonta, rai ɗore kuwa 'ya'yansa suna illata dabba in ta ci da yawa. Kaga ƙirga ganye kawai ya raba gardama.

Daga nan ka karya ganye ɗaya ka ga me zai fito. Farin ruwa kamar nono, ko rawaya, ko ruwa garai mai danƙo, ko babu komai. Tumfafiya da nonon kurciya farin nono suke fitarwa, wannan alama ce babba.

Gargaɗi: ka kawar da fuska lokacin da kake karyawa, kada kuma ka sosa ido da hannun. Nonon tumfafiya yana yi wa ido mummunar illa. In tsautsayi yasa ya shiga, a yi ta kwarara ruwa mai tsafta a idon na kamar minti 15 ba tsayawa, sannan a wuce asibiti, kada a tsaya ɗiga wani abu.

Ƙamshi ma ka rubuta, murza ganyen ka kawo shi kusa da hanci kaɗan ba wai ka shaƙa da ƙarfi ba.

Yanzu ne zaka zo kan furen. Ƙirga kunnuwansa, uku ne ko huɗu ko biyar, ko a haɗe suke kamar mazurari. Guda-guda yake fitowa ko curi-curi. Sannan wani abu da kusan babu mai lura da shi, wane lokaci yake buɗewa? Ka leƙa shi sau uku a rana ɗaya, bayan asuba, da azahar, da bayan la'asar zuwa magariba. Duman kada da balasa da safe suke buɗewa kafin rana ta take sun yanƙwane. Akwai wata fulawar ado Mirabilis jalapa da sai la'asar take buɗewa, shi yasa ma masu fulawa ke ce mata ƙarfe huɗu, 'ya'yanta baƙaƙe kamar masoro. Zaƙami kuwa da yamma yake buɗewa ya kwana a buɗe yana ƙamshi. In da tun farko na san wannan da ban kai sati shida ina shayar da shi ba.

Na ƙarshe 'ya'yan. Kwanso ne irin na wake, ko ƙwallo mai ƙaya, ko ƙananan 'ya'ya masu ruwa da ke nuna su koma baƙi, ko iri mai gashi da iska ke ɗauka. Wannan shi zai gaya maka yadda yake bazuwa.

4. Tono guda ɗaya har saiwa

Ka zaɓi matsakaici guda ɗaya, ka jiƙa ƙasar in ta bushe, ka tona daga ɗan nesa da gindin kamar taƙi ɗaya don kada ka datse abin da kake nema. Kada ka fizgo da hannu, saiwar zata tsinke ka ɗauka iyakarta kenan. Ka wanke ta a bokiti ka duba.

Abu huɗu zaka iya gani. Saiwa ɗaya doguwa da ta nutse kamar karas, wannan yawanci ta iri yake yaɗuwa. Ko kaga karan da ke kwance a ƙasa yana sakin jijiya a kowace gaɓa, irin na duman kada da balasa. Ko kaga wani abu kamar dankali ko aya a ƙasa, irin na fulawar ƙarfe huɗu da wata mai hawa katanga mai ruwan hoda Antigonon. Ko kuma ka tarar saiwar tasa a manne take da ta masara ko dawa ko geron da ka shuka a gefe, in fure ruwan hoda ne kuma hatsin ya tsumbure, ba sai ka tambayi kowa ba ƙuduji ne, wuta-wuta.

Ka riƙe abin da ka gani a nan da kyau, don ko baka samu sunan ba, saiwar ce zata gaya maka yadda zaka rabu da shi.

5. Ɗauki hoton da za'a iya aiki da shi

Hoto ɗaya baya isa, ka ɗauki shida ko bakwai. Ɗaya na tsiron gaba ɗaya daga tsaye har da ƙasar da yake kai. Ɗaya na fure ta gaba, ɗaya ta gefe don a ga tsayinsa da mazauninsa. Ɗaya na reshe da ke nuna yadda ganye ke jere, sai ka juya bayan ganyen ka ƙara ɗaya. Sai 'ya'ya, sai saiwa.

Ka shimfiɗa farar takarda ka ɗora abin a kai, ka ajiye biro ko ashana a gefe don a gane girmansa. Da hantsi ko cikin inuwa mai haske ake ɗauka, tsakar rana tana wanke launi, shuɗi ya koma fari. Kada ka kunna filashi, kada ka yi zumin, matsawa zakai kusa ka taɓa fuskar wayar daidai kan furen har ya fito ras, kuma ka goge gilashin kyamarar da gefen riga tukuna, rabin hotunan da ake turo min hazo-hazo maiƙon hannu ne kawai. Idan zaka tura wa wani ta WhatsApp ka tura a matsayin dokumen, in ba haka ba yana matse hoton gashin ganye da jijiyoyinsa su ɓace.

6. Tambayi waya, amma kada ka sallama mata

Manhajoji uku nake amfani da su kuma duk kyauta ne, PlantNet, iNaturalist da Google Lens. Na fi farawa da PlantNet, cibiyoyin bincike na Faransa ne suka yi ta, in ka ɗora hoto zata tambayeka wannan ganye ne ko fure ko 'ya'ya ko ɓawo, ka zaɓa daidai, kuma tana karɓar hoto fiye da ɗaya na tsiro guda, ka haɗa mata fure da ganye tare amsar tafi fitowa da kyau. Ka kunna lokeshan don ta nema cikin tsirran yankinmu, amma in kana zargin fulawar ado ce da aka kawo daga waje ka sauya zuwa na duniya baki ɗaya, don yawancin fulawowin gidajenmu daga wasu ƙasashe aka kawo su, Lantana daga nahiyar Amurka take, Catharanthus roseus mai kunnuwa biyar fari ko ruwan hoda da ke fitowa har a tsagin intalok daga Madagaska take.

Zata jero maka sunaye da maki a gefe cikin ɗari. Ni dai in naga makin bai kai rabi ba bana ɗaukarsa amsa, zato nake ɗaukarsa. Ka rubuta sunaye ukun farko kamar yadda suke da Latin, harafi da harafi, don da wannan sunan ne zaka iya bincike ba tare da an kai ka wani wuri daban ba. iNaturalist kuma amfaninta mutane ne masana ke duba hoton su gyara in na'ura tayi kuskure, sai dai yakan ɗauki kwanaki.

Gargaɗi: akwai manhajojin da ke cewa gwaji kyauta na 'yan kwanaki sannan su nemi lambar katin banki, in ka manta baka soke ba sai dai kaga alat an cire. Baka buƙatarsu. Na biyu kuma wanda ya fi muhimmanci, ko waya ta baka maki 95 tace ana cin abin, kada ka kai shi tukunya da maganarta kaɗai.

7. Kai wa mutanen da suka san jeji

Ka sa reshe mai ganye da fure da 'ya'ya a leda ka fita da shi da ɗanyensa. In ciyawar jeji ce, tsohuwa a gida ko manomi ko Bafulatani makiyayi zasu faɗa maka suna kafin ka gama buɗe ledar, makiyayi ma har zai ƙara maka da ko dabba na ci ko tana gudunsa, wannan ilimin babu shi a waya. In fulawar ado ce masu saida fulawa na bakin titi zaka nufa. Akwai kuma malaman gona, a Kano na hukumar aikin gona ta jiha wato KNARDA, sauran jihohi ma kowacce da nata ofishin.

Yadda zaka yi tambayar yana da muhimmanci. Kada kace "Baba wannan ba karkashi bane?" don kunya ko kara zata sa ace maka eh shi ne. Miƙa kawai zaka yi kace Baba me kuke ce wa wannan, a ina yake fitowa, ya 'ya'yansa suke in sun nuna. Kuma ka tambayi mutum biyu ko uku da basa tare.

Gargaɗi: sunan gida yana canzawa daga gari zuwa gari. Abu ɗaya Bakano yace zaƙami wani yace haukata yaro, zurma wani yace cika gida, wani lokacin kuma suna ɗaya ne a kan tsirrai biyu daban. Ba mu kaɗai ba ma, ciyawar nan Chromolaena odorata a kudancin Najeriya Awolowo suke ce mata, 'yan uwanmu na zangon Kumasi kuma Acheampong suka sani. Don haka sunan Hausa da na Latin tare zaka riƙe. Sannan in wani ya ƙara da cewa ai maganin kaza ne a dafa a sha, ka karɓi sunan ka bar maganin, ba shi ka fito nema ba.

8. Gwada sunan da abin da ka rubuta

Yanzu kana da suna ɗaya ko biyu. Ka rubuta na Latin ɗin a Google ka buɗe hotuna da yawa, ba ɗaya ba, ka ɗauko takardar da ka cike a mataki na 3 da na 4 ka bi su layi-layi. Jerin ganye ya dace? Kara ya dace? Nono, 'ya'ya, saiwa, lokacin buɗewa? Dole duka su dace. In abu biyar sun dace ɗaya ya saɓa, misali hoto ya nuna ganye biyu-biyu naka kuma ɗaya-ɗaya ne, toh ba shi bane, ɗan uwansa ne, kuma a tsirrai ɗan uwa na iya zama guba. Gauta da tumatir da zaƙami dangi ɗaya ne. Dankalin Hausa da duman kada ma haka, furensu kusan iri ɗaya, amma duman kada in yunwa tasa tumaki ko awaki suka ci da yawa rawar jiki yake sa su har su kasa tsayuwa.

In har yanzu an kasa, ko kuma dabba ta ci ta kwanta kana son tabbaci, ka kai sashen nazarin tsirrai na jami'a mafi kusa, ABU Zariya da BUK da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato duk suna da ɗakin adana busassun tsirrai da ake gwada samfur da su, a Nijar kuma akwai cibiyar binciken noma ta ƙasa wato INRAN da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Wani wurin akan karɓi ɗan kuɗin aiki, ka tambaya kafin ka tafi. In ranar zaka kai, leda da ɗan jiƙaƙƙen tishu ta isa. In sai bayan kwanaki ne, ka baje tsiron tsakanin jaridu, ka juya wasu ganyen su kalli ƙasa, ka danne da katako da bulo a kai, kana canza jaridar kullum a kwanakin farko don kada ya yi funfuna, cikin sati ɗaya zuwa biyu ya bushe. Ka rubuta rana da unguwa da launin furen a takarda ka haɗa, don launin yana gushewa in ya bushe.

9. In ya tabbata mai guba ne

Waɗanda na fi jin tsoro a gidan yara huɗu ne. Zaƙami, komai nasa guba ne musamman irin da ke cikin ƙwallon mai ƙaya, alamarsa bushewar baki, jiki ya ɗau zafi, ƙwayar ido ta buɗe, zuciya na bugawa da sauri, yaro ya riƙa sambatu yana kama abin da babu. Bini da zugu, 'ya'yansa ɗanɗanon gyaɗa garesu shi yasa yara ke ci da yawa, sai amai da gudawa. Zurma, irinta mai zane-zane mai sheƙi yana jan hankalin yaro kuma tauna kaɗan ma haɗari ne. Sai Lantana, ɗanyun 'ya'yanta kore, ga shanu da tumaki kuma ganyenta hanta yake taɓawa.

In yaro ya ci ɗaya daga ciki kada a tsaya ɗura masa manja ko madara ana jiran a gani, kada kuma a zura masa yatsa a maƙogwaro. A cire abin da ya rage a baki a tafi asibiti nan take, a tafi da reshen ko ledar 'ya'yan nan da ka ajiye a mataki na 1, likita yafi saurin sanin abin yi in ya ga abin da aka ci.

10. Yanke shawara, sannan ka bi ta yadda yake yaɗuwa

Ba kowane baƙo ake kora ba. Sau da yawa abin da ya tada wa mutum hankali sai a tarar karkashi ne ko gasaya ko lalo ko tafasa, miya ce Allah ya kawo har gida, sai dai a rage shi a bar masa kusurwa ɗaya. Fulawar ado in tana burgeka ka maida ta tukunya ko tsohon bokiti, ka ɗora a kan siminti ba kan ƙasa ba, kana yanke furen da ya bushe kafin ya zama iri.

In kuwa cirewa za'ai, koma kan saiwar da ka tono. Mai yaɗuwa ta iri, irin su zaƙami da rai ɗore da kashin yawo, washegarin ruwa ake tuge su ƙasa na da laushi, kuma kafin 'ya'ya su ƙosa. Ƙuduji shi kam ko kwana ɗaya kada ka ƙara masa, guda ɗaya yana zubar da iri dubbai masu yawa ƙanana kamar ƙura kuma suna iya wuce shekara 10 a ƙasa suna jira. Mai sakin jijiya a gaɓa, balasa da duman kada, shi ne wanda nace sara na ƙara masa yawa, duk guntun da fartanya ta datse ta bari a ƙasa mai laima sabon tsiro ne, don haka da hannu ake bin karan ana ɗagowa a hankali har ƙarshensa, a kwashe tas a baza a kan siminti ko kwano rana ta ƙone shi ƙurmus kafin a zubar. Mai dankali a ƙasa sai an tono dankalin, in ka yanke sama kawai sati biyu ya dawo. Lantana da tumfafiya kuma sai an fitar da kututturen da diga.

Gargaɗi: kada ka zuba abin da ka cire a ramin taki ko ka watsa a kwata ko bayan katangar maƙwabci, damina mai zuwa zai dawo maka. Mai guba kuma kada a miƙa wa dabbobi, kada a sa a murhu. Zaƙami hayaƙinsa ma yana bugarwa, ni nawa rami mai zurfi na tona a wajen gida na binne.

Maganin feshi a tsakar gida ni bana ba da shawararsa sai in fili ne babba da hannu ya gaza. In dole ne, ka sani mai sinadarin glyphosate baya zaɓe, duk koren da ya taɓa zai kashe har zogalenka da yakuwarka, yana son awanni ba ruwan sama bayan an fesa, sai sati ɗaya zuwa biyu kake ganin aikinsa, kuma baya taɓa irin da ke kwance a ƙasa. A fesa da safe babu iska, nesa da rijiya, da takunkumi da safar hannu, a bi ma'aunin da ke jikin robar. Mai sinadarin paraquat kuwa kada ma ya shigo gidan da yara suke, kurɓa ɗaya na kisa kuma babu makarinsa, ballantana a juye ragowar a robar lemo.

11. Sa ido bayan an gama

Cirewa sau ɗaya bata gamawa, don irin da ya riga ya zuba yana nan. Duk bayan kwana bakwai zuwa goma ka zaga wurin ka tsince ƙananan da suka fito tun suna ganye biyu ko huɗu, aikin minti biyar ne a lokacin. Ka ɗauki hoton jaririn tsiron ka ajiye a waya tare da sunansa, ka nuna wa uwar gida da manyan yara su ma su gane shi tun bai yi fure ba. Wurin da ka share kada ka barshi fili, ka rufe da buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawar da bata da iri, ko ka shuka alayyahu ko wake su rufe ƙasar. Taki kuma in zaka sake siya ka tara shi wuri ɗaya ka jiƙa ka rufe da buhu ya ruɓe sosai, duk abin da zai tsiro ya tsiro a kan tulin ka gani kafin ka baza a lambu. Nawa zaƙamin sai da na yi damina uku ina tsintar 'ya'yansa a gindin katangar nan, bana ne farkon shekarar da ruwa ya sauka ban ga ko ɗaya ba.